Motar da Ta Durƙusa a Tiga

Jama'a, yau mota ta kunyata ni a gaban masunta!

Kun san ni da cika baki, wai ba motar da ban sani ba. To, na je Tiga sayen kifi, sai ga wata tsohuwar mota a ajiye, bakinta kamar na tarwaɗa. Ban taɓa ganin irinta ba! Cikinta har ya kusa taɓa ƙasa.

Mai ita wani dattijo ne, ya riga ya tayar da sallar azahar. Na ce wa masunta, "Sifirin ya karye! Ku zo mu ɗaga wa Baba, mu sa dutse."

Mu bakwai muka yi ta nishi. Wandona ya ce ɓarrr!

Baba ya sallame, ya shiga, ya murɗa makulli. Wallahi sai motar ta miƙe a hankali kamar raƙumi!

Ya leƙo ya ce, "Sannunku da aiki. Haka aka ƙera ta, ɗana, in an kashe sai ta kwanta."

Wani masunci ya miƙo min kifina, ya ce, "Injiniya, a rufe bayan da leda."