Zanen Inna a Allo Biyu

"Ɗana, mata guda na aura, kai ko ka nuna min biyu."

Baba Umaru ke nan, wani manomin albasa daga Shagari, tsaye a shagona na gyaran hoto a Boɗinga. Ya kawo tsohon hoton matarsa Inna na zamanin Jamhuriya ta Biyu in sabunta masa. A allon kwamfutata na dama zanenta kore ne, a na hagu kuma shuɗi.

Na ji kunya. Na daɗe ina jan ƙafa kan wace na'urar daidaita launi zan saya, irin wadda ake ɗorawa a fuskar allo ta auna. Iri biyu ne: mai arhar allo ɗaya take gyarawa, ɗayar kuwa tana daidaita biyun su zama daidai. Ranar na aika aka sayo ta biyun.

Da ya dawo, duka allunan suka nuna kore. Ya daɗe yana kallo.

"Shi na, tsanwa. Shekarar da shinkafa ta gagari kowa na saye mata shi. Har yau tana yi min faɗan ɓarna."

Yana dariya ya fita, ni ma ina dariya. Ku wane tsohon hoto ne a gidanku kuke son a dawo da launinsa?