Kunyar da Ta Ɗaure Bakin Sista Halima

Idan ka tambayi mutanen Kebbe wace ce Halimatu Sadiya, 'yar mutanen Sanyinna, za su ce maka ai ita ce nas ɗin nan mai baki kamar barkono. A shekarun da ta yi a can, babu wanda ya sha a hannunta. Ta taɓa korar wani mai muƙami daga ɗakin majinyata saboda ya shigo da rundunar 'yan dubiya, ta kuma taɓa sa likita ya koma ya wanke hannu. Ana jin haushinta, amma kowa ya kawo mara lafiya sai ya yi addu'ar Allah ya sa ita ke kan aiki.

Da girma ya zo, aka ba ta shugabancin nas-nas a wani ƙaramin asibiti kusa da Tambuwal. Ana nan sai aka turo sabon ma'aikaci ɗakin maza. Wane ne? Shafi'u, mijin Mu'minatu, 'yarta ta fari.

To fa! Matar da ko sunan 'yar ba ta iya faɗa, ina ga na mijin? Idan ya shigo ta wannan ƙofa, sai ta fice ta waccan. Idan suka yi kiciɓis ya durƙusa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" sai ta amsa tana kallon bango. Zagayen da take yi da kowane nas gado-gado, da shi ba ta yi. Saƙo take ba Atu mai shara: "Ki ce ma baban su Khairat shi duba gado na kusa da taga." Ma'aikata na dariya suna cewa ashe barkono ma yana da mai maganinsa. Ita kuwa har daɗi take ji a ce ta san ya kamata.

Wata safiya cikin damina aka kawo Malam Namadi, wani dattijon manomi daga Jabo, ɗansa Almu ya riƙo shi a kan babur. Gudawa ta tsotse shi, amma ƙafafunsa a kumbure, don ya daɗe da ciwon zuciya. Likita ya ce a sa masa ƙarin ruwa a hankali ƙwarai, kada zuciyar ta kasa ɗauka. Shafi'u ne ya ɗaura masa.

Da hantsi Sista Halima ta bi ta baranda ta leƙa ta taga. Ido ba mudu ba, ya san kima: ruwan nan gudu yake yi, irin yadda ake buɗe wa saurayi mai amai da gudawa. Ga Shafi'u nan tsaye a gefen gadon yana wanke wa maƙwabcin tsohon ciwo. Shiga kawai za ta yi ta murɗe robar, ta ce masa ya yi kuskure. Amma a gaban majinyata? Ta gyara aikin surukinta, shi yana sunkuye, ita tana faɗa? Sai ta ja da baya. Ta nemi Atu, aka ce ta tafi rijiya. Ta ce a ranta bari ta kira wata nas daga ɗakin mata ta gaya masa. Tana isa can ta tarar da mai naƙuda tana zubar da jini, ta sa hannu, aiki ya haɗiye ta.

Kafin ta fito, leda ta farko ta ƙare, an rataya ta biyu. Malam Namadi na zaune yana haki, kumfa na fita a bakinsa. Aka yi abin da za a iya, aka ɗauke shi zuwa Sakkwato. Ko Dogon Daji ba a wuce ba rai ya yi halinsa.

Da likita ya tara su, Shafi'u ya ce laifinsa ne, bai kula da kumburin ba. Da Sista Halima ta yi shiru, da magana ta mutu a nan, don ba wanda ya gan ta a taga. Sai ta ce, "Likita, ni nig ga ruwan na gudu tun da hantsi. Ban shiga ba. Ni a babba, ni aka tambaya." Aka ja musu kunne su biyu, nata ya fi zafi, amma bai rage mata komai ba.

Ta tafi Jabo gaisuwa, ta zauna a gaban Almu ta faɗa masa gaskiya, tana fatan ya zage ta ko ta ji sanyi. Shi kuwa cewa ya yi, "Haba Hajiya, kwananai ne yaƙ ƙare. Kun yi ƙoƙari, Allah shi saka." Har gyaɗa aka ƙulla mata. Ta dawo da nauyin da ya fi wanda ta tafi da shi, ga gyaɗar ta kasa ci, ta kasa bayarwa.

Tun daga nan kullum da safe tana zagaye kafaɗa da kafaɗa da Shafi'u. Tana kiran sunansa gatsau, tana sa shi ya ɗago kai ya ƙirga ɗigon ruwa a gabanta. Magana ta zaga gari, dangin Shafi'u suka fara gunaguni.

Mu'minatu ta zo gida da yamma, ta zauna nesa kamar yadda ta saba, ta ce, "Inna, mutane na cewa kin zubar da kunya."

Sista Halima tana tsince shinkafa a faifai ta amsa.

"Ki ce musu ban zubar ba. Tana Jabo, da ita anka rufe Malam Namadi."