Taguwar Saƙin da Aka Yanka a Tsakar Gidana

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya faru, shekara uku ko huɗu bayan an gama yaƙin basasa, ni matar aure ce mai shekara ashirin da bakwai, da 'ya'ya biyu, muna haya a unguwar Rafin Guza a Kaduna. Maigidana kafinta ne, ni kuma ina da keken ɗinki na hannu da nake yi wa matan unguwa ɗinki da shi. An san ni da tsafta a aiki, an kuma san ni da gaskiya, ni ma haka na ɗauki kaina. Saboda wannan shaidar ne iyaye suka fara turo mini 'ya'yansu mata duk ranar Asabar in koya musu ɗinki. Yara bakwai ne, daga mai shekara takwas zuwa mai sha biyu. Da allura da zare muke farawa, su koyi kalmasa da faci da sa maɓalli, sai hannun yarinya ya faɗa sannan in bar ta ta taɓa keke.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata malamar firamare, Kirista ce daga kudancin Kaduna, tana koyarwa a wajen Kawo. Malama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Maiɗinki. Mun shaƙu ƙwarai. Ranar Sallah kwanonta nake fara zubawa, ranar Kirsimeti ita ma haka. Mijinta soja ne, ya tafi yaƙi bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba. Ta ƙi karɓar gaisuwa daga kowa, ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta ga takarda ba. 'Yarsu guda ce, mai shekara goma sha ɗaya, kuma ita ce ta fi kowa hannu a cikin yarana. Yarinya ce mai shiru-shiru, Inna take ce mini, in ta yi ɗinkin hannu sai ka rantse keke ne.

A shekarar nan na ce wa yaran za mu haɗa bargo na ƙyallaye kafin sanyi ya shigo. Za mu yanka guntayen yadi daidai wa daida, mu harhaɗa su, mu sa auduga a tsakiya, mu yi masa shafi da tsohon zane, sannan mu bi shi da ɗinki layi-layi. Na ce kowace ta roƙo tsofaffin tufafi a gidansu. Ranar wata Juma'a 'yar Malama ta shigo da ƙunshi a ɗaure cikin ɗankwali, ta ce in ji mamanta. Na ce ta ajiye a kan sauran. Ban kwance ba. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita ba ta zo ba, ni kuma ɗinkin wani biki ya sha mini kai, sai na yanka wa yaran kwali a matsayin ma'auni, na raba musu almakashi, na ce duk abin da ke cikin ƙunsunan nan su yanke shi daidai da kwalin. Na shige ɗaki na hau keke, ina jiyo dariyarsu a tsakar gida.

Da na fito tattara ƙyallayen, sai na ga wasu na saƙi, baƙaƙe masu ratsin fari, da kaurinsu da ƙamshin turaren akwati. Har na tsaya na shafa su, na ce a raina wannan ai bai yi kama da tsumma ba. Amma na wuce. Na ma ji daɗi, na ce su za mu jera a tsakiyar bargon don sun fi sauran kyau. Da yarinyar ta warke ta dawo, ita na ba aikin tsakiyar saboda iyawarta. Na tuna ta ɗauki ƙyalle ɗaya ta daɗe tana juya shi, ta ɗago ta dube ni, sannan ta sunkuya ta zura zare. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan kamar mako uku, da la'asar, Malama ta faɗo gidanmu ko takalmi babu. Ta ce ta buɗe akwati ba ta ga taguwar mijinta ba. Taguwa ce ta saƙi, mahaifinsa ne ya saƙa masa, da ita aka ɗaura musu aure a coci, kuma ita kaɗai ce ta rage mata a cikin kayansa domin danginsa sun kwashe sauran. Ta ce tana ajiye da ita ne don ranar da zai dawo ya sa. Tana siffanta mini ita, baƙa mai ratsin fari, ni kuwa bargon yana naɗe a kan akwatina, bai fi taku biyar daga inda take tsaye ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah Ya bayyana.

Har yau in aka tsare ni aka ce me ya hana ni magana a wannan lokacin, ba ni da amsa guda. Wani lokaci in ce tsoro ne, wani lokaci in ce kunya, wani lokaci in ce tausayinta ne, don gara ta yi zaton taguwar tana wani wuri a ɗinke da ta gan ta gunduwa-gunduwa. Na kuma riƙa ce wa kaina ai ban tabbata ba, saƙi irin wannan ya cika kasuwa, kuma ƙunshi bakwai aka kawo, wa ya san daga wanne ya fito. In na faɗa wa kaina haka sai in ji sauƙi na ɗan lokaci, sai kuma ƙamshin turaren akwatin nan ya dawo mini. Na cusa bargon ƙarƙashin gado, na ce wa yaran auduga ce ta ƙare, za mu ci gaba in an samo.

Abin da ban zata ba shi ne inda zargin zai faɗa. Malama da 'yarta kaɗai ne a ɗakin, ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa komai ba sai taguwar. Sai ta tsare yarinyar, ta ce ita ta ɗauka ta ba masu musayar tsofaffin kaya da kwanuka. Ta katangar nan nake jiyo su. Yarinyar tana cewa ita ba ta taɓa akwatin ba, uwar tana cewa to aljani ne ya ɗauka. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga wa 'yarta murya ba, sai ga shi ina jin ƙarar bulala. Ina zaune a kan keke, hannuna a kan mariƙi, na kasa juyawa, na kasa tashi. Na gaya wa maigidana komai. Ya ce in ɗauki bargon in tafi yanzu-yanzu, kuskure ne, kowa yana yi. Na ce to. Sau uku ina sa mayafi in kai bakin ƙofarta in dawo. A zuwa na uku har na yi sallama, da ta amsa sai na ce aron turmi na zo.

Sai wata dabara ta zo mini, wadda yanzu in na tuna nake mamakin hankalina. Na ce zan warware ƙyallayen in mayar da taguwar yadda take, in san yadda zan jefa ta cikin kayanta. Kwana biyu na rufe ƙofa ina jera su a kan tabarma. Wuya babu, yaran sun zubar da shi cikin shara tun ranar. Hannu ɗaya ya tafi. Ratsin ya ƙi haɗuwa, duk inda na juya sai in ga kamar ba daga riga ɗaya suka fito ba, har na fara murna cewa watakila ba ita ba ce. Can sai na ci karo da wani ƙyalle mai ɗan faci a gefe, an yi shi da jan zare, irin facin da Malama take yi wa kayan 'yarta. Na mayar da ƙyallayen cikin bargon na ɗinke, ina kuka, ban san ma me ya sa nake mayarwa ba.

Ana cikin haka Malama ta yanke shawarar tura yarinyar ƙauye wurin kakarta, ta ce ba za ta iya zama da mai yi mata ƙarya ba. Ana saura kwana ɗaya tafiyar, yarinyar ta shigo yi mini sallama. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce, "Inna, ko kin ga rigar Babana a cikin kayan da na kawo?"

Na ce, "Wace riga? Ni ban ga wata riga ba."

Ta ce, "To, Inna." Ta tashi ta fita.

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace nauyi a rayuwata. Da safe ina leƙe ta taga aka kai ta tashar Kawo da ɗan akwatinta a ka.

Wata biyar na yi ina fama. Na rame, na daina koyar da yaran, na ce wa iyayensu ciwon baya nake yi. Malama kuwa kullum sai ta shigo ta zauna kusa da kekena tana ba ni labarin kewar 'yarta, tana tambayata ko ta yi daidai, ni kuma ina ba ta haƙuri. Ranar da na kasa jurewa babu wani abu na musamman da ya faru. Ta zo ne kawai da yadi ta ce in ɗinka wa yarinyar riga za ta aika mata, ta ce ba ta san ko ta ƙara tsawo ba. Sai na tashi na jawo bargon na shimfiɗa a gabanta, na faɗa mata komai tun daga ranar Asabar ɗin nan.

Na shirya wa zagi, na shirya wa mari. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta durƙusa tana bin ƙyallayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce ita ce ta ɗaure ƙunshin da hannunta. Ta ce ta tuna a ranar ta fito da taguwar ta rungume tana kuka, amma ba ta tuna ta mayar da ita akwati ba, ba ta kuma tuna ta sa ta cikin tsummoki ba. Ta ce ko mantuwa ce, ko kuwa zuciyarta ce ta gaji da jira ta yi abin da ita ba za ta iya yi da saninta ba, ba ta sani ba. Har na fara jin sauƙi a raina. Sai ta ɗago ta ce, "Maiɗinki, yarinyata ta tambaye ki?"

Na ce ta tambaye ni.

"Me kika ce mata?"

Na sunkuyar da kai. Ta naɗe bargon ta rungume shi ta fita. A makon ta je ta ɗauko 'yarta, amma shekarar karatu ta riga ta wuce mata, sai da ta maimaita aji. Daga ranar tsakanina da Malama sai ina kwana, lafiya lau. Ba ta tona ni a unguwa ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Yarinyar ba ta ƙara taka gidanmu ba. Kafin shekara ta zagayo aka yi wa Malama canjin wurin aiki suka tashi.

Sai bayan shekaru masu yawa na haɗu da yarinyar a wani asibiti inda na kai jikata, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita ta gane ni, ta rusuna ta ce Inna. Ta gaya mini mamanta ta rasu, kuma mahaifinta bai taɓa dawowa ba. Na kama hannunta na fara neman gafara, sai ta ce ai tun ranar da na ba ta ƙyallayen ta ɗinka ta gane rigar. Na ce to me ya hana ki gaya wa mamanki ana dukanki. Ta ce ta ga ni babba ce, ni ce malamarta, ta ɗauka akwai dalilin da ya sa na yi shiru, kuma ta tabbata zan faɗa in lokaci ya yi. Ta ce kullum in an fara dukanta takan kasa kunne ko za ta ji sallamata. Ta faɗi wannan ba tare da fushi ba, ta duba jikata, ta rubuta mana magani, aka kira ta wani ɗaki.

Na tsufa yanzu, amma har yau ban gama gane abin da ya same ni a watannin nan ba. Ban san ko Malama da gangan ta sa taguwar ba, ban san ko ta mutu da ni a ranta ba, ban kuma san yadda mace mai salla da azumi za ta zauna tana jin ana dukan yarinya a kan abin da ke ƙarƙashin gadonta ba. Abin da na sani shi ne yankan taguwar kuskure ne da za a yi kuka a kansa kwana biyu a wuce, shirun da na yi shi ne laifin, kuma kowace safiya da na ƙara sai faɗar ta ƙara wuya.

Ina kira ga 'yan'uwana masu koyar da yara, ɗinki ne ko wata sana'a, duk abin da aka kawo muku ku kwance ku duba da idonku kafin almakashi ya taɓa shi. In kuma ɓarna ta riga ta faru a hannunku, ku faɗa a ranar, kafin a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Yaran nan da kuke ganin ba su san komai ba, sun sani. Shirun da suke yi, ku suke jira ku yi magana.