Farin ƙyallen da nake shimfiɗawa

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadamar Argungu tun ba ta fid da kai ba, na bar gona na koma Birnin Kebbi, na kama aiki a wani injin casa a unguwar Nasarawa. A nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a gemu. Ban gaya wa kowa a gida ba. Duk Juma'a nakan hau mota in koma Argungu zikiri a zawiyarmu, domin ni ne mai shimfiɗa farin ƙyallen da muke kewayewa, kuma ni ke wanke shi.

Samarin zawiya sun buɗe mana dandali a waya. Muƙaddami ya ce kowa ya shiga da laƙabi, don mai jin kunyar tambaya ya yi ba a san shi ba. Aka cika da su Bawan Allah, Mai Neman Tsira, Wuƙar Gaskiya. Ni na zaɓi Baƙon Fadama. Wata da watanni karatu kawai nake yi, ina bin kalmomi da yatsa.

Akwai abin da ke cina. Tun da ruwa ya tafi da gonata zuciyata ta yi sanyi. Ina zama cikin da'ira, leɓena na motsi, ciki babu komai. Ran nan bayan azahar na zauna bayan buhunan dusa na rubuta haka, na tambayi magani. Shi ne rubutu na farko da na taɓa aika wa wani.

Mutum biyu suka ce in yawaita istigfari. Sauran suka yi kaina. Wuƙar Gaskiya ya ce munafuki ya shigo cikinmu, shi ya sa addu'a ba ta tashi. Wani ya ce irina ne suka jawo ambaliyar. Daga nan aka bar tambayar aka koma neman mai ita. A zaman Juma'a sai ka ga mutum yana jan carbi yana leƙen bakin na kusa da shi.

Babu wanda ya dube ni, kowa ya san ban iya rubutu ba, dangwale nake yi. Zargi ya faɗa kan wani malamin firamare ɗan garin Augie, mutum mai sanyin murya, wanda shi ma gonarsa ta nutse. Suka lissafa masa ranakun da ya makara. A dandali suka sa masa suna Mai Leɓe, a zawiya suka daina matsa masa wuri.

Na rubuta cewa ba shi ba ne. Wuƙar Gaskiya ya ce ai dama ɓarawo shi ke fara rantsuwa.

Juma'ar da ta biyo, bayan an shafa, na miƙe na ce ni ne Baƙon Fadama. Aka yi dariya. Wani maɗinki da muka yi makarantar allo tare ya ce, “Kai dai zauna, baba. Kai da ba ka raba takardar asibiti da ta ƙunshin ƙosai? Mi anka ba ka ka ɗauki laifin wani?”

Na ce a ba ni waya. Ƙanen muƙaddami ya miƙo tasa, suka taru a kaina, ina jin numfashinsu a ƙeyata. Na rubuta tambayar kamar yadda na yi ta a dandali. Dariyar ta tsaya.

Muƙaddami ya ce ba laifi ba ne mutum ya nemi magani, ya kuma ce a nemi gafarar malamin. Suka amsa da to, babu wanda ya tashi. Sai ƙanen nasa ya sunkuya ya naɗe ƙyallen, bai ba ni ba.

“Mai sanyin zuciya ba ya riƙa wanga,” in ji shi. “In ta yi zafi ka zo.”

Na tambaya ko Wuƙar Gaskiya zai miƙe shi ma, tunda ni na miƙe. Suka ce dokar laƙabi tana nan. Yana cikinsu, ya ba ni hannu ranar, ban san wanne ba ne.

Ina zuwa har yanzu, ina zama bakin ƙofa kusa da takalma. Dandalin yana nan, sai dai sanarwar suna da ta rasuwa, babu mai tambayar komai.

Gona ɗaya ruwa ya tafi da ita. Ƙyallen bai dawo hannuna ba. Malamin Augie bai sake taka zawiyar ba, in mun haɗu a tasha yakan amsa sallama ya wuce. Cikin mutanen da nake ci da su kwano ɗaya ranar Juma'a, biyu suka rage.