Tambayar da Na Yi wa Malam Isuhu a Gaban Jama'a

Da kamawar watan nan na Rajab, shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Isuhu Damagaram makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Kowace shekara nakan ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin yabon mamaci abu ne mai sauƙi, kuma abin da ke cikina ba yabo ba ne kaɗai. Bana na ce ko da daɗi ko ba daɗi sai na faɗa.

Malam Isuhu mutumin Nijar ne, ya daɗe yana tuƙa tasi a Washington, yana zaune a Takoma Park da matarsa Hajiya Zali. Ni kuwa gadi nake yi a wani rumbun kaya a Laurel. Abin da ya haɗa mu shi ne dukanmu mun riƙe allo, mun iya ajami, kafin mu san boko. Duk Asabar bayan azahar akwai karatun fiƙihu da yake jagoranta a wani ɗaki bayan shagon wani ɗan Habasha, a ƙasa, ba hawa ba sauka, kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin birni. Ni nake jan baƙi, shi yake fassara. Likitoci da injiniyoyi sukan tanƙwashe ƙafa a gaban direban tasi, kuma ba wanda ya ga baƙon abu a cikin haka.

Sai Allah ya jarrabe shi da shanyewar ɓarin jiki. Ya koma kan keken guragu mai batir, mai nauyin da ba ya naɗuwa balle ya shiga but ɗin mota. Muka ɗauka karatu ya ƙare. Bayan wata biyar sai ga shi ya shigo da kansa, a jirgi ya zo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu masu ƙafa mun san tasha da sunanta, shi kuwa ya san ta da liftarta, wato akwatin nan mai hawa da sauka da mutane, wanda shi yake kira asansar irin na mutanen Nijar. Ya san wadda ke ɓoye a lungu bayan gini, da wadda sai ka danna sau uku take amsawa. Ya san taragon da zai shiga don ya sauka daidai ƙofarta, da inda ratar da ke tsakanin jirgi da daɓe take iya haɗiye ƙaramar tayar gaba. Idan liftar tashar da za ka sauka ta lalace, sai ka wuce zuwa ta gaba, ka jira a kirawo bas ta dawo da kai. Tafiyar minti ashirin takan zama ta awa biyu. Kuma da yake wasu marasa tsoron Allah suna fitsari a cikin liftar, kullum yana tafe da gorar ruwa da tsumma, sai ya sa an goge masa tayoyi a bakin ƙofa kafin ya hau shimfiɗar da ake salla a kai.

Shekara guda ya yi yana zuwa haka. Amma harshensa ya yi nauyi. Fassarar da yake yi a numfashi ɗaya ta koma sai a uku, jama'a suka fara duba agogo. Ga kuma kukan masu motoci cewa babu wurin ajiye mota a unguwar. A nan ne Dakta Kabiru, wani likitan ƙashi da ya sayi babban gida a Upper Marlboro, ya ce a koma falonsa. Jirgi ba ya kaiwa can. Inda layin ya ƙare, sai ka nemi bas.

Dakta ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sani, kai ne na kusa da shi. Ka yi masa magana."

Na san yadda ake yi wa babba magana irin wannan. Gida ake samunsa, daga kai sai shi, a yi gaisuwa, a kewaya, a ba shi ƙofar da zai ce a'a ba tare da ya zubar da girmansa ba. In ana son gaskiya ma, matarsa ake tambaya. Kowane Bahaushe ya san dattijo ba zai buɗe baki a cikin taro ya ce a fasa abin da jama'a ke so saboda lalurarsa ba. Da na je gida, da ya faɗa mini ba zai iya ba, da kuma maganar ta mutu. Shi ya sa ban je ba. Na jira aka shafa addu'a, ɗakin cike, na ɗaga murya.

"Malam, jama'a sun ga ya dace a koma gidan Dakta. Ko akwai damuwa a wajenka?"

Ya dube ni ya daɗe. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma rabin fuskarsa ba ta motsi, sai na zaɓi in kalli wannan rabin.

Ya ce, "Ba komai. Allah ya sa albarka."

Wani injiniya ya ce, "Ai Malam tsohon direba ne, ko Baltimore aka koma sai ya riga mu isa." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Muka yi alkawarin za a nemo mai babbar mota ya riƙa ɗauko shi, in Allah ya yarda, irin alkawarin da kowa yake barin wa ɗan'uwansa.

An ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni ban da wannan uzurin. Na san idan bai zo ba, ni zan zauna a wurinsa, kuma na daɗe ina jin fassarata ta fi tasa sauri.

Asabar ta farko a sabon wuri, mun gama muna shirin la'asar sai aka ce ga Malam a waje. Tun hantsi ya fito. Liftar tashar da ake sauya jirgi a tsakiyar birni ba ta aiki, ya wuce, ya jira bas, ya dawo, ya kai ƙarshen layi, ya sake jiran wata. Ƙofar gidan Dakta kuwa matakala huɗu ce. Mutum huɗu suka gwada ɗaga keken, ya gagara. Sai suka ciro shi daga ciki, biyu a hammata biyu a ƙafafu. Hularsa ta faɗi, rigarsa ta tattare har cibiya, wani yana cewa, "Kai Malam, ashe tuwon Hajiya yana zama." Aka aje shi a kujerar da ke bakin ƙofa. Ni ina kan buzun malami, littafi buɗe a cinyata, ban tashi ba.

Da ya sami numfashi ya ce, "Wane babi kuka kai?" Na faɗa masa. Ya ce, "Madalla."

Ba mu sake ganinsa a karatu ba. Muka ce jiki ne ya tsananta. Mun ce za a riƙa kiransa a waya ya saurara, ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Na je duba shi sau biyu a cikin shekara biyun da suka rage masa, duka biyun da rakiyar mutane, don kada mu kaɗaita. Ranar jana'izarsa kuwa motoci har sun rasa wurin tsayawa.

Yau da zai dawo, da ya ga an sami sauyi. Waya takan gaya maka liftar da ta lalace tun kana gida. Ni ma yanzu gwiwa ta sa ni riƙon sanda, na daina bin matakala, na fara sanin lungunan da ya sani da warin da ya sani. Nakan tsaya a gaban ƙofar lifta tare da mai keke da mai turin jariri, sai wani lafiyayye mai akwati ya kutsa ya riga mu. Ina jin da Malam ya yaba wa wayar. Abin da zai ce game da mu ne ban sani ba, domin karatu yana nan a gidan Dakta, jama'a sun ƙaru, kuma har yau ba a sa ko katako a kan matakalan ba.

A watan jiya Hajiya Zali ta haɗa kayanta za ta koma gida Nijar. Na je sallama, sai ta miƙo mini wani ɗan littafin aljihu.

Ta ce, "Malam Sani, yaranmu ba su iya karanta wannan ba, ni ma ban iya ba. Kai ne ka iya. In addu'o'i ne ka yi amfani da su."

Ajami ne, da hannun hagu, baƙaƙen suna karkata. Tashoshi ne da liftocinsu, shafi bayan shafi. Can wajen ƙarshe na ga Asabar ɗin da aka ɗauke shi, a layi biyu, babu sunan kowa. Na ɗauka nan zai tsaya, sai na ga wata Asabar a bayanta. Ana gyaran layi, ya koma gida. Wata Asabar kuma lifta ta tsaya da shi a ciki. Wata ya kai ƙarshen layi, bas ta zo da injin ɗaga keke a lalace. Na ƙirga Asabar tara. A ta ƙarshe ya rubuta cewa bas ta kai shi har bakin titin gidan, ya hango motocinmu, ya ji ana jan baƙi ta taga, ya tsaya ƙarƙashin bishiya har aka kai ƙarshen babin, ya juya.

Na tambayi Hajiya ko ta san inda yake zuwa. Ta ce, "Karatu mana. Duk Asabar sai na saka masa babbar riga. In ya dawo yakan ce kun gaishe ni."

Me ya rage na Malam Isuhu? Ɗalibansa suna nan, wasu har sun fara koyarwa, kuma ladan yana isa gare shi in Allah ya so. Ana yawan ambaton haƙurinsa, ni ma na sha ambata a kan buzunsa. Amma yanzu na gane haƙurin mutum yakan zama abin da mutanensa suke hawa su wuce, sa'an nan su yabe shi da shi bayan ya mutu. Hakkin Allah ana tuba a roƙi gafara. Hakkin bawa kuwa sai bawan ya yafe, kuma wanda zan roƙa ya rufa mini asiri har a wajen matarsa, ya tafi bai ba ni damar roƙo ba. Ban gaya wa Hajiya abin da na karanta ba. Ta tafi tana sa mana albarka.