Akwatin da Ɗan Baffana Ya Kawo

Ni a aji uku na sakandare na tsaya, kuma ba na ɓoyewa. Gyaran rediyo na koya a bakin kasuwar Haɗejiya, daga baya na samu ɗaki a saman wani tsohon bene da ke gefen gari, ta wajen kogi. Tsawon benen nan ne ya jawo mini aikin da zan ba da labarinsa, ba wai wani ya duba ya ga ina da kai ba.

Mutanen fadama, masunta da manoman shinkafa da Fulani makiyaya, sun kafa ƙungiya saboda labarin ruwa. Duk damina ruwa daga yamma yake tasowa, ya biyo ta wajen Kafin Hausa, ya wuce mu, ya gangara gabas wajen Baturiya. Wanda ya ji da wuri shi ne zai kwashe shanu ya hau tudu, ko ya ƙara buhunan ƙasa a jinga. Waya ba ta da wani amfani a cikin fadama, sabis sai ka hau bishiya, kuma mutum ɗaya kake kira. Sai ƙungiya ta raba oba-oba ga ƙauyuka, ka danna ka yi magana kowa na kusa ya ji, in ka gama ka ce oba. Matsalar ita ce ta mutanen yamma ba ta kaiwa gabas, ta gabas ba ta kaiwa yamma. Shi ne aka kafa doguwar eriya a kan benena, aka ajiye babbar rediyo a ɗakina, ni ina jin kowa, kowa yana ji na. Yamma ta faɗa mini, in juya in faɗa wa gabas da bakina.

Na yi shekaru a haka. Sunana ma ya ɓace, aka koma kira na mai eriya. In na shiga kasuwar kifi, masunta da ba su taɓa ganin fuskata ba suna jin na yi sallama sai su ɗago. Ba albashi ake ba ni ba, amma ban taɓa sayen kifi ba a shekarun nan. Kuma in na yi magana, gari guda yana yin shiru. Wanda bai taɓa samun wannan ba, ba zai gane abin da nake nufi ba.

Ina da tsarina. A saƙo abu kaɗan nake ɗauka: ina ne, ruwa ya kai ina, me za a yi. Sauran in zubar. Batir muke amfani da shi, nawa farantin sola da ke saman benen ne yake yi masa caji, kuma in mutum ɗaya ya danne maɓalli yana surutu, duk sauran sun zama kurame.

Akwai tsofaffi biyu da suka fi kowa ba ni wahala. A yamma akwai wani Bulama, Babarbare, mai gari ne a wani ƙauyen masunta. A gabas akwai wani Arɗo da ke kiwo a fadamar wajen Baturiya. Tun suna samari suka san juna, amma tsufa da nisa sun hana su haɗuwa.

Arɗo zai danna ya ce, "Mai eriya, mai eriya, ka gaya wa bawan nan nawa, mai fuska kamar an yi huɗar gyaɗa, ya tashi daga barci ya je ya dubo wa ubangidansa ruwa. Oba."

Ni kuma in juya in ce, "Bulama, Arɗo yana tambaya ruwa ya kai ina. Oba."

Bulama ya ce, "Ka ce wa ɗan Fulanin nan mai ƙafar balbela, ruwa ya taɓa gindin giginya. Ya kwashe mini shanuna da na ba shi kiwo, in ɗaya ta jiƙe sai na sayar da shi. Oba."

In ce, "Arɗo, ruwa ya kai gindin giginya, a kwashe shanu. Oba."

Ni ma ɗan ƙasar nan ne, na san wasan Fulani da Barebari, ba wanda zai koya mini. Amma layin ruwa ba dandali ba ne. Su a zatonsu duk abin da suka faɗa ina kai shi ɗungurungum. Da tafiya ta yi tafiya, kowannensu ya ga yana jefa tsokana ba a mayar masa, sai suka rage, har suka daina. Saƙonsu ya koma gajere kamar nawa. Na ji daɗi, na ce tsofaffi sun yi hankali.

To sai ga ɗan baffana.

Yaron nan a kan kekena na riƙa kai shi firamare. Ni na fara ɗora masa ƙarfen narka dalma a hannu, ya ƙone yatsa ya yi kuka na lallashe shi. Shi ubansa ya iya riƙe shi a makaranta, ya tafi Kano, ya dawo da mota da ɗan tumbi, mutane suna ce masa Injiniya. Har mahaifiyata Injiniya take ce masa. Ni kuwa har gobe ba a ce mini ko malam.

Ya hawo benena da wani ɗan akwati baƙi, bai kai kwanon sha ba, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Da ma ya yi mini rashin kunya da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Yaya, shugaban ƙungiya ne ya ce in zo mu gwada wani abu. Ka ga wannan, za a haɗa shi da babbar rediyonka, a sa masa layi mai data. Duk muryar da rediyon ta kama, shi zai ɗauke ta ya tura ta intanet, kamar yadda kake tura saƙon murya a waya. Akwai irinsa da na ajiye a Kafin Hausa, da wani a Malam Madori. Suna karɓa sai su miƙa wa rediyon can, ta fito a oba-obar kowa."

Na ce, "Wato gabas ta yi magana yamma ta ji."

"Kai tsaye, Yaya."

"To ni fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kai ai sai ka huta. Ka sha wahala."

Ban taɓa jin kalmar da ta ƙona mini rai kamar hutun nan ba. Wa ya ce masa na gaji?

Ranar gwaji da hantsi 'yan kwamiti suka cika mini ɗaki, wasu a kan tabarma, wasu a bakin ƙofa. Ɗan baffana ya zagaya bayan rediyo, ya dawo gabanta, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, a ramin abin maganarka wayar akwatin za ta shiga, rami ɗaya ne." Ya zare abin maganata, wanda gumin hannuna ya cinye wa fenti, ya ajiye a kan tebur da igiyarsa a nannaɗe, ya cusa tasa wayar.

Ba zan yi ƙarya ba, a raina addu'a nake kada ya yi. Da shugaba ya danna tasa oba-obar ya kira Kafin Hausa aka ɗan yi shiru, har na gyara zama. Na ce, "Ai ga shi nan. Ni da tuni na isar." Ban rufe baki ba sai ga amsa ta fito tangaram. Ashe ɗan jinkiri ne kawai akwatin yake yi, kamar mutum ya haɗiye yawu.

Shugaba ya ce a kira Arɗo. Arɗo ya amsa da muryarsa ta kullum, a gajarce: "Mai eriya, ka tambayi Bulama ruwa. Oba."

Sai muka ji Bulama daga can yamma yana cewa, "Wa nake ji? Kai, wa nake ji haka kamar akuya ta shaƙe da dusa?"

Sannan Arɗo ya ce, "La ilaha illallahu. Bawana? Kai ne? Ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar wa wa shanuna? Ɓarawon nono!"

"Ji muryarsa don Allah, haƙora sun zube. Wa yake tauna maka kifin yanzu?"

Ɗakina ya kaure da dariya. Shugaba har da riƙe ciki. Suka yi ta yi, wannan ya saki wancan ya danna, ba wanda yake ko tunawa da cewa oba. Ni ina kallon allurar batir.

Can sai muryar Bulama ta sauka. Ya ce, "Arɗo, tsakani da Allah, me na yi maka? Shekara da shekaru ina aiko maka da tsiya, ba ka taɓa mayar mini ba. Sai dai a ce Arɗo yana tambayar ruwa, kamar wani ma'aikacin gwamnati. Na ce to, Bafillatani ya yi fushi. Shi ya sa ka ga na daina aiko maka da bandar kifi."

Arɗo ya ce, "Ni? Ni da kullum sai na zage ka kafin in karya? Ni ne na ce Babarbare ya samu rawani ya manta ubangidansa. Har man shanun da nake ware maka na ce a daina."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Na ji idanun mutane a wuyana.

Arɗo ya ce, "Mai eriya yana kusa?"

Shugaba ya ce, "Ga shi nan yana jin ku."

"Mai eriya, ashe kai ne kake cinye mana magana a hanya? Kai ko kurar da ta ci zagi shekara goma ai ta yi ƙiba!"

Dariya ta dawo, har ta fi ta farko. Na kai hannu zan ba shi amsa, don ina da amsa, in gaya masa batir nawa na ceto musu, in tambaye shi ko akwai saniyarsa ɗaya da ruwa ya ci a hannuna. Na ɗauki abin maganata na danna, na fara magana, sai na ga igiyar tana lilo a iska. Wani ɗan kwamiti ya nuna ni da baki, suka sake fashewa.

Ɗan baffana ne ya karɓi oba-obar shugaba ya ce, "Baba Arɗo, ku yi wa Yaya adalci. Ba don shi ba da ba a kai yau ba. Shi ya koya mini riƙe waya ma." Kowa ya ce haka ne, haka ne, Allah ya yi wa Injiniya albarka, yaro mai ladabi. Ka ji fa. Ko kare ni da ya yi, shi aka yaba.

Na ce musu za su gani, layi zai cika da gaisuwa da shirme, ranar da ruwa zai zo ba wanda zai samu shiga. Na so hakan ta faru, ban ce a yi asarar rai ba, amma ko 'yar gona ɗaya. Shugaba ya kafa doka a taro, duk wanda ya ce "ruwa" kowa ya saki maɓalli. Shi ke nan. Suka bi. Tsofaffin nan biyu su yi ta zagin juna da safe, wani yana cewa ruwa sai ka ji tsit. Damina ta zo ta wuce lafiya. Mutanen Malam Madori, da eriyata ba ta taɓa kamo su da kyau ba, suka shigo. Shi kansa ɗan baffana daga ofishinsa a Kano yake sauraro a wayarsa, wani lokaci ya sa baki, sai ka ji ƙauyuka suna rige-rigen gaishe shi.

Bandar kifi ta koma tafiya gabas, man shanu ya koma tafiya yamma. Kuma kowanne in zai aika sai ya ware kason Injiniya. Ina ake kawowa? Benena. Ni nake ɗauka in kai tasha in ba direban Kano. Na taɓa buɗe wata ƙwarya na shinshina, man shanu ne mai kyau, na rufe na kai.

Bayan damina na je na samu shugaba na ce su zo su kwashe kayansu, ɗakina ba sito ba ne. Ya ce in yi tunani, in na nace akwai tankin ruwa a bayan asibiti da ya kusa kai benena tsawo. Da na koma gida na faɗa wa matata, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "In suka sauke eriyar, mai me za a riƙa ce maka?"

Ban koma wajen shugaba ba. Shi ma bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya aiko mini da ƙaramar oba-oba irin ta kowa.

Da ruwan bana ya fara tasowa ina zaune ina gyaran wata fanka, don yanzu har fanka nake karɓa. Na ji Bulama ya ce ruwa, layi ya yi tsit, ya ce ya haye gindin giginya. Bakina ya buɗe da kansa, har na ce "Arɗo," ni kaɗai a ɗaki. Kafin in rufe Arɗo ya riga ya amsa, yana cewa yara sun fara kora. 'Yar fitilar akwatin tana ta ƙiftawa a gabana, maganar tana ratsa ɗakina tana wucewa.

Jim kaɗan sai na ji, "Mai eriya, mai eriya, kana ji na?"

Arɗo ne. Rabon da a kira ni a layi har na manta. Na ture fankar, na lalubo ƙaramar oba-obar, na gyara murya na ce, "Ina jin ka, Arɗo. Faɗi saƙonka. Oba."

Ya ce, "Yauwa. Muryar bawana tana yankewa. Injiniya ya ce in an ji haka ƙura ce ta rufe farantin sola, a ce maka ka hau ka goge."

Akwai maganganu da yawa a bakina, kuma a wannan karon babu igiyar da aka cire, kowa zai ji, daga Kafin Hausa har Baturiya har Kano.

Na ce, "To."

Na ɗauki tsumma da bokiti na hau. Farantin kuwa ya yi ƙura, har da kashin tsuntsu. Ina gogewa ina jiyo su ta taga, murya ta washe, Bulama yana cewa Allah ya ƙara wa yaron nan basira, Arɗo yana cewa amin.