Baitin da Kaka Ta Ba Yakubu

Yaran wasu gidaje a unguwarmu ta Kontagora sun tashi da tatsuniyoyin kura da zomo. Mu kuwa Allah ya haɗa mu da Kaka Ladi, wadda labari ɗaya tak ta mallaka a duniya, shi ma babu dodo, babu abin dariya. Har yau in na tuna sai haushin ya dawo mini sabo fil.

Kaka ita ta haifi babanmu. 'Yar Kambarin Ibeto ce, ba ta yi boko ba, amma ita ke ƙaga waƙoƙin da zumuntar matan cocinmu ke rerawa. Waƙa kan zo mata a gona ko a bakin turmi. Matsalarta guda ce: in ta kwana da sabuwar waƙa, da safe rabi ya gudu. Babu abin da take tsoro a duniya kamar waƙa ta ɓace mata kafin ta kai wa matan zumunta. Saboda haka ta mai da mu, jikokinta uku, wurin ajiya: yayana Yakubu, da ni Rahila, da autanmu Yusufu.

Da an sauke tuwo, sai ta tura gyaɗa cikin tokar murhu, ta ce, “Ku matso, ga labari ya zo da ƙafarsa.” Mun san ko wane labari ne. Gyaɗar ce ke zaunar da mu.

Wai an yi wani mai bishara a wajen Zugurma, Malam Tanko, wanda Allah ya ba baiwar waƙa. In yana noma yana rerawa, masu wucewa kan tsaya daga nesa har su manta inda za su. Amma da zarar an matso sai ya yi gum. In an roƙe shi ya koya wa jama'a, sai ya ce waƙar ba ta nuna ba tukuna, akwai wurin gyara. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. A bakin kabari aka ce a yi masa waƙarsa, kowa ya kalli ɗan'uwansa. Wannan ya riƙe guntun murya, wancan kalma biyu, babu mai baiti cikakke.

A nan Kaka kan buga cinya. “Da waƙar aro aka binne shi, yara! Mutum mai rumbun waƙa, da ta aro!”

“Kaka, mun sani,” in ji Yakubu. “Jiya ma an binne shi.”

“Gobe ma za a binne shi, mai bakin tsiya. Buɗe kunne.”

Daga nan sai rabo. Yakubu ya karɓi baitin farko, ni na biyu, Yusufu na ƙarshe, amshi kuma na kowa. Ba ta yarda wani ya koyi na wani. In ji ta, in kowa ya san akwai mai riƙe masa, babu wanda zai riƙe. Ka maimaita naka har gyaɗa ta ƙone. Da gari ya waye, kafin ka wanke ido, ga ta a kanka: “Kai Rahila, ba ni kayana.” Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne. Yusufu kaɗai take lallaɓawa, tana ce masa mijinta. Sai ranar taron zumunta ta wuce, mata sun karɓi waƙa, sannan mu huta.

Waƙarta ta ƙarshe ba ta kai taron ba. Ta raba mana, washegari ta kwanta ciwo, ba a daɗe ba ta rasu. Mu yara ne, babu wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu ce komai ba.

Sai bayan na yi aure, 'ya'yana sun girma, zumunta ta shirya taron tunawa da tsofaffin da suka kafa ta. Na ce akwai waƙar Kaka da ba a taɓa ji ba. Mata suka yi guɗa, aka sa ta cikin shiri. Ni hankalina kwance, don nawa yana nan daram: “Ni tulu ce mai tsaga, Mai gini bai yar da ni ba.” Yakubu kuwa ai shi ne shugaban mawaƙan coci, mai kaɗa musu kibod, mai koya wa matasa murya huɗu.

Na same shi yana goge kibod ɗin. Na ce, “Yaya, baitinka na zo karɓa.”

Ya sosa ƙeya. “Wane baiti?”

“Na Kaka mana! Na ƙarshen nan.”

“Haba Rahila, shekara nawa! Kin san yawan waƙoƙin da suka ratsa kan nan? Bari in tsara wani, mai kyau ma, ba wanda zai gane.”

Raina ya ɓaci. Mutumin da ya fi kowa jin labarin nan, ya fi kowa yi wa Kaka tsiya a kansa, yau shi ke cewa zai liƙa wa waƙarta na aro. Na ce ya riƙe mai kyan nasa, na fito.

Saura Yusufu. Ya musulunta tun yana saurayi, yana sayar da hatsi a kasuwa, kowa Alhaji yake ce masa. Zumuncinmu bai taɓa yankewa ba, amma na tafi ina jin nauyin in nemi waƙar coci a bakinsa. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, sai ya yi dariya.

“Yaya Rahila, kayan Kaka kika zo karɓa? Ai kun daɗe.”

Ya ja ni bayan buhunan dawa, ya rage murya, ya rera: “In na ƙetare rafi zan sauke kaya, in kira yarana kowa da sunansa.” Babu kalmar da ta faɗi. Har yadda Kaka ke jan ƙarshen layi, haka ya ja.

“Amana ce,” in ji shi. “Taron ba zan je ba, kin sani. Amma ki gaya musu su ja ƙarshen nan, kada su gaggauta.”

Na ce, “Na Yaya Yakubu fa? Ko kaɗan ba ka kama ba?”

“Cewa ta yi kowa ya riƙe nasa. Nawa na riƙe.”

A ranar taro aka buga tulu, aka kaɗa caki, muka fara waƙar daga baiti na biyu. Tsofaffi suka yi kuka. Yakubu na gefe, bai taɓa kibod ba.

Ina yarinya na ɗauka darasin labarin Kaka shi ne mutum ya ba da abin da Allah ya ba shi tun yana da rai. Yanzu na ga bayarwar ita ce mai sauƙi. Wuyar tana wajen mai karɓa, kuma ba a gane mai riƙo da ido. Wani lokaci ma haushin Kakar nake ji. Me zai hana ta koya mana duka gaba ɗaya? Dabararta ta tsare mata baiti biyu, ta cinye mata ɗaya, ba kuma ta nan balle in yi mata ƙorafi.

Yakubu bai haƙura ba. Yakan kira ni a waya ba sallama ba komai. Kwanan baya ya ce, “Rahila, na tuno! Akwai ‘riƙe hannuna’ a ciki, ko?”

“Wannan amshi ne, Yaya! Har jikokina sun iya shi.”

 Sai ya ce, “To rera mini naki, ko nawa zai ji ya fito.”

Na rera masa har ƙarshe, na jira. Bai fito ba.